Waƙar da Inna Ta Bar wa Dutsen Niƙa

Hafiza tana tsugune a tsakar gida tana wanke ƙwaryar fura sai ga babanta, Malam Ɗan Azumi, ya shigo ba sallama. Ranar kasuwar Urafane ce, kuma bai saba dawowa kafin la'asar ba. Hannunsa babu goro, babu gishirin da ya ce zai sayo.

"Baba, lahiya?"

Ya tsaya yana kallon dutsen niƙan da ke jingine a gindin rumbu, wanda ba a ƙara taɓawa ba tun rasuwar matarsa Zara'u, shekara biyu ke nan.

"Na ji uwarki a kasuwa," ya ce.

Gwaggo Talle, yayarsa da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar, ta ajiye tsintsiya. "Kai Ɗan Azumi, rana ce ta buge ka?"

"Ba rana ba ce, Yaya. Muryarta ce cikin lasifika, tsakanin mai tsire da mai cajin waya. An sa mata gita da ganga, samari na kaɗa kai. Shekara talatin da ɗaya tana gidan nan, maƙwabci bai taɓa jin ta ɗaga murya ba." Ya juyo ga 'yarsa. "Wa ya kai ta can?"

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Hafiza.

Ita ce autarsa, kuma ita kaɗai ce ta yi nisa a lakwal, wato karatun boko. Bayan ta gama lisans, digirin farko, a Yamai aka ɗauke ta karatun mastar a fannin kiɗan zamani. Mutanen gari sun yi ta magana, wai ɗiyar manomi za ta koma zabiya, amma Malam Ɗan Azumi ya toshe kunnensa. Cewa ya yi karatu karatu ne. A ƙarshen mastar ɗin, dole kowane ɗalibi ya tsara sabon kiɗa nasa na kansa, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Wannan zaman shi suke kira sutanans. Hafiza ta gina nata kiɗan ne a kan wata waƙa da ta ɗauka a waya a wani hutu, wata uku kafin Inna ta kwanta ciwo. Inna ba ta kai geron furar maigida inji, don ya ce garin inji warin mai yake yi. A dutse take niƙa masa, tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa. Baiti ɗaya Hafiza ta yanko, ta jera masa kayan kiɗa, ta shafe wata bakwai tana gyara. Da ta gama, ban da malaminta na jami'a, mutum ɗaya ta tura wa a duniya: Lamine, malamin koleji a Tasawa, wanda iyayensa suka zo daga garin Sarkin Hausa suka kawo gaisuwa, aka sa biki bayan kaka.

"Na tambaye ki," in ji Malam.

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Yaron nan ne ke nan. Yaya, ki aika ma mutanen Sarkin Hausa, su zo su ɗauki kayansu. Wanda ya kai matata kasuwa ba ya zama surukina."

Washegari da hantsi Lamine ya iso a moto, wato babur, ƙura har gira. Bai yi gigin shiga zaure ba. A bayan gida suka tsaya, gindin itacen bedi, Gwaggo Talle na nesa kaɗan tana tsinke zogale, kunnenta duk yana wurinsu.

"Pardon, Hafiza. Wallahi gurup ɗin abokan karatunmu kaɗai na tura ma, mu goma sha biyu. So nike su ji irin matar da zan aura."

"To, sun ji. Mai tsire ma ya ji."

"Ban yi tunani ba..."

"Nima ban yi ba, Lamine. Kai ka tura ba ka tambaye ni ba, ni kuma na ɗauka ban tambayi Baba ba. Ita ma Inna ce mata na yi don ni kaɗai ce." Muryarta ta karye. "Ta yarda da ni."

Ya daɗe yana murza makullin moto a hannunsa. "Ki tahi Yamai ki yi sutanans ɗinki, saura sati ukku. Kar ki rasa abu biyu saboda ni. In kin dawo da diflom, wataƙila zuciyarshi ta yi sanyi."

"In tsaya gaban mutum ɗari in sake kunna ta? Bayan abin da na gani a idon Baba jiya?"

A ranar ta kira malaminta na jami'a. Ya yi ta lallashinta, ya ce a duk ajinsu babu aikin da ya kama ƙafar nata, ya ce in ta janye sai ta sake wani daga farko, shekara guda ta tafi. Ta ce ta ji, ta gode, a cire sunanta. Da ta kashe wayar ta shiga ɗakin Inna ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun ranar jana'iza.

Gwaggo Talle ba ta aika Sarkin Hausa ba. Duk lokacin da ƙanenta ya tambaya sai ta ce ƙafarta ke ciwo, ko ba ta sami ɗan aike mai hankali ba. Shi ma bai matsa ba, amma bai janye maganarsa ba. Tsakaninsa da Hafiza sai gaisuwa. Ya daina shan fura gaba ɗaya.

Lamine kuwa ya ɗora wa kansa wani aiki da kowa ya ce wauta ce. Duk ranar da ba shi da aji, sai ya cika tanki da esans ya bi kasuwanni: Tasawa, Urafane, Mayahi, Issawane, har ƙauyukan da sai amalanke ke shiga. Yana zuwa rumfar masu tura waƙoƙi a waya sai ya yi sallama, ya cire hula, ya ce waƙar nan ta niƙa muryar mamaciya ce, mijinta na raye, don Allah a goge. Wasu su goge nan take suna yi mata addu'a. Wasu su yi dariya.

"Mushe, waƙar da ta kai Katsina ce za ka goge da moto?" in ji wani a Mayahi, don Mushe ake ce wa malamin lakwal.

"Taka nike roƙo," Lamine ya ce. "Ta Katsina sai na je."

Ranar Juma'a kuma, bayan an sauko, sai ya zo ƙofar gidan Malam Ɗan Azumi ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya."

Shi ke nan. Malam ya ci gaba da tufkar igiyarsa, Lamine ya zauna a ƙasa har inuwa ta juya, sannan ya yi sallama ya tafi. Haka damina ta shiga ta fita. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, ranar da aka sa ta biki ta zo ta wuce kamar kowace rana. Uwar Lamine ta fara kawo masa sunayen 'yan mata. Hafiza ta ji labari, ta aika masa saƙo cewa in ya gaji ba za ta riƙe shi a zuciya ba. Ya amsa mata da kalma uku: "Sai ranar Juma'a."

"Yaron nan ya rame kamar karan dawa," Gwaggo Talle ta ce wa ƙanenta wata rana, tana miƙa masa tuwo. "Moton ma ta rame. Kai kuma ka zauna kana tufka igiyar da ta isa ɗaure shanun Issawane duka."

"Yaya, ki bar ni."

"Na bar ka. Ita Zara'u ce dai ba ka bari ta huta ba."

Ranar nan bai ci tuwon ba.

Bayan kwana biyu, da safe, Hafiza na shanya wake a tabarma, ta ji ya tsaya a kanta.

"Auta."

Rabon da ya kira ta haka tun ranar kasuwar nan. Ta ɗago da sauri.

Ya zauna a kan turmi, yana kallon ƙasa. "Zan gaya miki abin da ban gaya ma kowa ba. Ran nan a kasuwa, ban wuce ba. Tsayawa na yi har waƙar ta ƙare. Da mai rumfar ya sake sa ta, na sake tsayawa. Ina jin haushi, kuma ƙafata ta ƙi tahiya." Ya share fuska da hannun riga. "Muryarta ta fara ɓace mini, Auta. Ina tuna fuskarta, ina tuna tahiyarta, amma in na nemi muryar sai in rasa. Kuma ni ban taɓa sanin tana waƙa ba. Sai a bakin lasifika, tare da mahauta."

Ya ɗago ya dube ta.

"Akwai wadda ba gita a ciki?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohuwar wayarta, ta ajiye a tabarma tsakaninsu, ta danna. Aka fara jin gurzar dutse, gaba da baya, da kukan kaza can nesa. Sai muryar Inna ta fito, siririya, tana numfashi tsakanin baiti da baiti:

"Dutse, niƙa mini, ba ni gajiya,
Mai gonar gabas ne za shi sha."

Wannan shi ne baitin da aka ji a kasuwa. Amma waƙar ba ta tsaya nan ba.

"Shekarar da gero ya ƙi, bai kai ni gida ba,
Ya sai da rigarshi, ya bar mini zanena.
Da na binne ɗana na fari, shi ya ɗebo ruwa,
Ya ce ma mutane wai motsa jiki yake.
Ban ce mishi na gode ba, kunya ta hana,
Dutse, kai ka ji, kai ka riƙe mini."

Can cikin wayar sai aka ji sallamar namiji daga zaure. Muryar Malam ce da kansa. Gurzar dutsen ta tsaya cak, Inna ta yi raɗa tana dariya: "Kashe abin nan, ga babanki nan."

Sautin ya ƙare.

Malam Ɗan Azumi ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa na rawa. Gwaggo Talle, da ke tsaye a ƙofar madafa, ta juya ta koma ciki don kar ta ga kukan ƙanenta. Da ya sauke rawanin ya ce, "Rigar nan shuɗiya ce. Ce mata na yi ɓata ta yi a wurin wanki. Ashe ta sani."

Ya sa aka sake kunnawa sau uku.

Ranar Juma'a Lamine ya zo ya durƙusa inda ya saba.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Matso nan." Malam ya tura masa gefen tabarma. "An ce kana yawon kasuwanni. Ta gogu?"

"A'a, Baba. Ba ta goguwa duka. Jiya ma na ji ta a wayar wani ɗan kabu-kabu."

"To don mi kake yi?"

"Ni na ɓata. Ban san wani abin da zan yi ba."

Malam ya dubi tayar moton da ta cinye har zare ya fito. "Ka yi laihi, kuma ba ka ɓoye ba. Ɗiyata ta yi laihi, ta biya da shekararta. Ni ma ina da nawa, shekara talatin ana gode mini a bayan rumbu ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ka ce ma babanka ya zo mu sake sa rana. Kuma ka huta da yawon nan haka, kar ka kashe moton nan."

Lamine ya kifa goshinsa a tabarma, ya kasa ɗagowa.

Da yamma Malam ya kira Hafiza gindin rumbu. Ya nuna mata dutsen. "Maganar uwarki tawa ce, ta tsaya gidan nan. Amma dutsen naki ne. In malamanku na son jin kiɗa, kai musu shi."

Haka aka yi. Aka naɗe dutsen da ɗansa a buhu, aka ɗora a motar Yamai, kwandasta na ta mitar nauyi. Bayan shekara, a ranar sutanans, Hafiza ta durƙusa gaban malamai biyar ta zuba gero ta fara niƙa, masu gita da sarewa suna bin gurzar hannunta. A daidai inda muryar Inna take a da, sai duk kayan kiɗan suka yi shiru, dutsen kaɗai ke magana. Wani malami ya tambaye ta me ya sa ta bar wurin babu waƙa. Ta ce akwai waƙa, mai ita ne ya riƙe abarsa. Ta ci da yabo mai girma.

An ɗaura aurensu a Urafane sati biyu bayan ta dawo da dutsen. Da safen bikin, kafin gida ya cika, amarya ta saci jiki ta niƙa gero a dutsen, ta dama fura ta kai wa babanta. Ya shanye ƙwaryar tas.

'Yan uwana matasa, abin da ke cikin waya ba duka ne namu ba, ko da mu muka ɗauka. Kafin ka tura muryar wani, ka tambayi mai ita, in ba ya raye ka tambayi wanda ya bari da kewa. Wanda ya yi kuskure kuma ya tsaya ya amsa, ya yi haƙuri da fushin iyaye, Allah ba ya barin sa haka. Kuma in akwai wanda kake son gode wa a gidanku, ka gaya masa yau yana ji. Ba kowa ne ake ɗaukar muryarsa ba.