Farin Tabo a Jikin Libarba

Ran Talata ne. Ina shanya kifi a bakin teku, maƙwabciyata ta zo ko takalmi babu, ta ce, "Pasing, bar kifin nan ki taho."

Shekara talatin mijina Tikyo yana rina tsofaffin libarba a rumfar bayan gidanmu a Danao. Masu gadi su kawo masa wadda tsatsa ta ci, ya goge ta, ya dafa a tukunyar magani, ta fito baƙa wuluk. A gindin tukunyar na tarar da shi, an fasa masa ƙeya.

Kafin yamma 'yan sanda sun tafi da ɗanmu Renante, don duk unguwa ta ji shi yana cacar baki da ubansa da safe.

Washegari Sufeto Labajo ya zo, wani siririn mutum mai tari. Ya bi bindigogin da ke rataye ɗaya bayan ɗaya, ya ciro wata. Gindinta ya yi fari fat, kamar an kankare.

"Mama, mijinki yana sakin aiki haka?"

"Tikyo? Gara ya kwana da yunwa."

Na shinshina ta. "Ruwan kal ne, mai tsamin nan. Shi ke cinye rini. Ko na cin kifi Tikyo bai yarda a shigo masa da shi rumfa ba."

"Ɗanki ya san haka?"

"Tun yana rarrafe. Ya sha mari a kai."

Sufeto ya yi tari. "To da wannan aka buge shi, aka goge jinin. Wanda ya goge kuwa bai san sana'ar ba."

Ya sa sajen da suka zo tare ya bincike ciyawar bayan rumfa. Can sai ga kwalba, an toshe bakinta da jan tsumma, barkono na yawo a ciki. Ni na haɗa kal ɗin nan, tsumman kuma daga tsohon siket ɗina na yage shi.

"Kin san ta," in ji Sufeto.

"Rabin garin nan irin kwalbarsu ke nan."

"Shi ke nan. Jibi za a kai Renante kotu."

Ya juya zai tafi. Sai da ya kai bakin ƙofa na tsayar da shi.

"Ƙanena na ba wa. Wensi. Jiya da hantsi."

Ni na goyi Wensi bayan rasuwar uwarmu. Ya girma ya zama mai tsaron lafiyar wani ɗan siyasa. Aka kawo shi caji ofis da baƙin tabarau, yana taunar cingam, ni ma ina wurin.

"Ina kake jiya da rana?" in ji Sufeto.

"Wajen zakaru, Yallaɓai. Nawa ma ya sha kashi."

"Ran Talata? Lahadi ake faɗan zakaru, gwani. Ina kwalbar da yayarka ta ba ka?"

"Tana gida."

Sufeto ya dire ta a kan tebur.

Wensi ya daina tauna. Ni ya kalla. "Yaya, ke ce?"

"Ni ce. Cire tabaran nan ka yi magana."

Ya cire. Ya ce wata bindiga ya kai wa Tikyo a goge mata lamba kafin rini. Tikyo ya ƙi, ya ce ba ya wanke wa karnukan 'yan siyasa ƙazanta.

"Kare fa ya ce da ni, Yaya. Sau ɗaya na buga masa. Na ga jini, sai kwalbar ce a hannuna."

"Jiya da yamma kuma ka zo ka riƙe min kafaɗa a gaban gawarsa."

Saje ya sa masa ankwa. A baranda suka yi kiciɓis da Renante ana fito da shi, ba wanda ya ɗaga kai.

Renante ya koma birni, ya ce ba zai sake taɓa bindiga ba. Dangina sun daina gaishe ni, wai na ba da jinina. Sufeto ya samu ƙarin girma.

Iskar teku ba ta barin ƙarfe ya huta. Kullum da safe nakan buɗe rumfar, in ɗiga mai a tsumma, in shafe magagarin Tikyo guda bakwai, in mayar da kowanne inda ya bar shi.