Ƙofar da Mai Gyara Ya Toshe

Yammacin da abin ya fara, babu alamar komai. Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, Mai Gyara ya jawo ƙofar shagonsa da ke manne da gidan ya shigo yana warin dalma, hannunsa ɗaya a ɓoye a baya. Yayarsa, wadda kowa a gidan ke kira Goggo, tana kwashe shanya. 'Yarsa Auta kuwa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da tsohuwar rakoda a cinya, ta manna kunne a jikin sifika kamar mai satar jin gulma.

Gidan a bakin titi yake. Ga injin niƙa a dama, ga masu walda a hagu, babura kuma ba sa hutawa, don haka mai son jin kiɗa a gidan nan sai ya yi da gaske. Auta, mai shekara goma sha tara, mayyar kiɗa ce tun tana rarrafe, amma kaset ɗaya ne ya fi mata duk sauran. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyarta, kuma abin da ya rage na muryarta a duniya shi ne wannan kaset, wanda Mai Gyara ya ɗauka wata rana yana gwajin makirfo, ita kuwa tana wanke-wanke tana rera waƙa, ba ta ma san ana ɗauka ba. Auta na saurarensa kullum. Uban bai taɓa saurara ba tun da aka yi rasuwar. In ta ce ya zo ya ji, sai ya ce, "Sai na huta." Mutumin da ke gane ciwon rediyo daga tarinta na farko, tsoron minti huɗu na muryar matarsa yake yi, kuma kowa a gidan ya san haka, an dai bar shi.

Abin da ya ɓoye a baya hedifon ne mai waya, irin na masu ɗaukar sauti, kofunansa manya, bayansu a rufe ruf. A cikin kwalin tarkacen wani ɗakin ɗaukar waƙa da aka rushe ya tsince shi. Sati biyu ya yi a kansa. Ya cire ruɓaɓɓen soson ya sa sabo, ya lulluɓe shi da fata mai laushi, ya sassauta bakan da ke hawa kai don kada ya matse wa Auta, ya liƙa sabuwar waya doguwa yadda ko a kwance za ta iya ji. Da ya gwada, sautin ya fito da kauri da tsafta, sai dai kofin hagu yana ɗan yoyon sauti. Ya juya shi, ya ga wata 'yar huda a baya, ba ta fi ƙwayar gero ba. Ba aikin kamfani ba ce, ba kuma cin ɓera ba, bakinta ya yi sumul kamar dokin ƙofar da aka daɗe ana takawa. Wani zai tsaya ya yi mamaki. Mai gyara kuwa in ya ga huda hannunsa ƙaiƙayi yake yi, don haka ya ɗiga mata gam, ya goge, ya ji daɗin aikinsa.

"To, madalla," in ji Goggo da ta gani. "Da ma ba ta jin kira, yanzu ka kawo mata hujja."

Auta ta sa shi, ta danna rakoda, kaset ɗin mahaifiyarta na ciki. Mai Gyara yana kallon fuskarta yadda ta buɗe a hankali.

"Baba," ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "titin ya ɓace gaba ɗaya. Har ƙarar cokalin da take wankewa ina ji. Har jan numfashinta. Zo ka ji, don Allah."

"Sai na huta," ya ce.

A daidai lokacin aka fara kiran sallar magariba, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Goggo ta leƙa waje tana shirin zagin yaran unguwa, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya faɗo a tsakar gida, kusa da ƙafar Mai Gyara. Ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga hammata. Ya juya zai ce wa Auta ta shiga ɗaki, sai ya ga kaset ya ƙare, maɓallin ya ɗago da kansa, ita kuwa tana ta gyaɗa kai, idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Ya zare wayar daga jikin rakodar, ta ci gaba da gyaɗa kai. Da ya kai hannu zai cire mata hedifon, ta yi wata ƙara da bai taɓa jin irinta daga bakin mutum ba.

Haka gidan ya koma. Da rana Auta takan yarda a cire mata, amma ta zauna shiru, a yi ta kiranta ba ta waiwayowa, a sa mata abinci ya bushe a gabanta. Da rana ta karkata sai ta fara lalube, in ba a ba ta ba ta buga kanta da bango. Da magariba duwatsu su fara sauka, rediyoyin mutane da ke jiran gyara a shago su ɗauki gunji a tare, har waɗanda babu batir a cikinsu. Aka kai ta asibiti, likita ya haska kunnuwan ya ce bai ga komai ba. Mai Gyara ya kwance hedifon ɗin ya auna kowace waya da mita, komai lafiya lau. Shekara talatin yana sana'a, ranar ce ta farko da ya zauna gaban abu ya rasa inda ciwonsa yake. Ya mayar da sukurorin yana kuka, Goggo ta yi kamar ba ta gani ba.

Ran kwana shida, wani siririn jini ya gangaro daga kunnen Auta na hagu. Ta rame har bakan da ya sassauta mata yana zamewa daga kanta.

"Ka gama gwada naka?" in ji Goggo. "To ni zan je in kira Malam."

Malam dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba, ya daɗe yana karantarwa a unguwar, kuma irin wannan ba baƙonsa ba ne. Washegari bayan la'asar ya zo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta, Goggo ta riƙe ta ta baya. Ya ce a cire hedifon a ajiye a gefe, har yanzu wayarsa na jone da rakoda. Ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Injin niƙa ya tsaya, masu walda suka tashi, hasken ya yi ta raguwa. Can jikin Auta ya sandare, bakinta ya buɗe, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni. Ba ni da magana da kai, da mai gam nake."

Malam bai daina ba sai da ya kai ƙarshen ayar. Sannan ya ce, "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Shekara arba'in ina zaune a kofin nan. Ba ni da wani abin so sai kiɗa, kuma babu inda yake fita da tsafta kamar can, babu hayaniyarku. Mutum ya sa, mu ji tare, in ya cire in fita ta ƙofata in sha iska. Ban taɓa ko gashin wani ba. Sai wannan ya zo ina ciki ya liƙe ni. Ya bar ni a duhu, babu mafita. Ƙofar farko da ta buɗe min kunnen 'yarsa ne."

Mai Gyara ya matso gabanta. Ya durƙusa. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Yanzu zan buɗe, allura kawai zan ɗauko."

Muryar ta yi dariya, haƙoran Auta suka bayyana. "Buɗe mana. Ni na riga na yi saiwa a nan. In an tumɓuke ni, da kunnen zan tafi, duka biyun. Ko nata, ko na wanda ya rufe ni. In yana so, ya sa abin a kansa, in bi ta nan in wuce, ba za ku sake jin ɗuriyata ba."

"Ba a ciniki da ku," in ji Malam. Ya juyo ga Mai Gyara, ya rage murya. "Kada ka saurare ta. Ƙarya a wajensu ba komai ba ce. Ka ba ni kwana bakwai, da yardar Allah za ta fita ba ta ɗauki komai ba."

"Kwana bakwai," in ji muryar. "Dubi yarinyar, ka ƙirga da kanka."

Ya duba. Wuyan Auta ya zama kamar sillen kara, jinin ya sake ɓullowa, yanzu ta kunnuwa biyu. Ya san Malam ya fi shi sani nesa ba kusa ba. Ya kuma san kunnen nan nasa shi ne shagon, shi ne abincin gidan. Amma shi ya ɗiga gam ɗin da hannunsa, kuma a sana'arsu wanda ya ɓata aiki shi ke gyarawa, ba a kai wa wani. Ba jarumta ba ce ta motsa shi, kunya ce da tsoro. Malam ya koma karatu da ƙarfi, Goggo na fama da Auta da ke fizge-fizge, babu wanda ya lura da hannunsa sai da ya ɗauki hedifon.

"Kai!" in ji Goggo. "Ajiye, don girman Allah!"

Ya riga ya sa. Fatar ta kwanta masa a kunne da laushi, babu inda ya matse, aikin ya yi kyau ƙwarai. Karatun Malam ya koma nesa, kukan Goggo ya ɓace. Sai ya tuna kaset ɗin na ciki, ya ce a ransa, in ma kunnuwan tafiya za su yi, bari su tafi da muryarta. Ya danna maɓalli. Ya ji shuuu ɗin farkon kaset, wanda ya sani kamar sunansa. Ya ji cokali ya bugi kwano. Ya ji matarsa ta ja numfashi za ta fara. Daga nan wani sanyi ya ratsa kunnen hagu ya fita ta dama, bai ƙara jin komai ba.

Yana kallo dutse na ƙarshe ya faɗo ya mirgina a tsakar gida babu ƙara. Auta ta sulale a jikin Goggo, can ta buɗe ido, ta dube shi, leɓɓanta suka haɗu sau biyu. Ya gane kalmar, Baba ce. Malam ya daɗe yana yi masa magana, hannu a kafaɗarsa, ko faɗa ne ko addu'a, har yau bai sani ba.

Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Auta ta ci abinci, ta mayar da jikinta, tana jin ko faɗuwar allura, amma ta tattara kaset-kaset ɗinta ta ba wa maƙwabta, ba ta kuma sake rera ko baiti ɗaya ba. Malam ya yi ta zuwa wata uku yana karatu a kunnen Mai Gyara, asibiti ma an koma har sau huɗu, shiru. Shagon ya ɗan ja, yana dafa sifika da yatsa yana lalube, sai dai rediyon da ya ce ta gyaru takan koma gida tana tari, masu kawo aiki suka yi ta raguwa ba tare da kowa ya faɗa masa dalili ba. Hudar kuwa ya buɗe ta da allura tun washegari, ko da yake babu mai shiga babu mai fita.

Kaset ɗaya Auta ta bari. Kullum in rana ta yi ja, Mai Gyara yakan zauna a bakin ƙofar ɗaki ya sa hedifon, ya dafa kofin hagu da yatsu biyu ko zai ji ɗan motsi. Auta ta zauna kusa da shi ta danna masa maɓalli, ta zuba wa kaset ido yana juyawa, don ita kaɗai ta san daidai inda muryar take shigowa. Shi kuma ya yi ta kallon fuskarta.

"Ta fara?" yake tambaya, da ƙarfi, har Goggo ta juya baya ta shige ɗaki.

Auta ta gyaɗa masa kai.