Ƙafar Dogo ta Kumbura

A wani ƙauye kusa da Dungas akwai wata yarinya mai gaggawar tsiya. Ko tuwo take ci, sai ka ce ana korar ta. Gidansu akwai kare mai suna Dogo. Shi ke bin awakin Baba daji, yana kare su daga dila. Yarinyar na son sa ƙwarai, don ita ta raine shi tun yana ɗan kwikwiyo.

Wata safiya Inna ta ba ta gwangwanin tumatir, ta ce ta kai ramin shara. Ita kuwa ta makara zuwa lakwal, wato makaranta, sai ta wurga shi bakin ƙofa. Ba ta yi nisa ba ta ji kukan Dogo. Murfin gwangwanin ya yanke shi a tafin ƙafa, jini na ɗiga.

Tsoro ya kama ta. Maimakon ta kira Inna, sai ta zuba wa ciwon toka. Ta ɗauko robar da Baba ke ɗaure kaya a moto, wato babur, ta ɗaure ƙafar tam. Jini ya tsaya. Ta ɓoye Dogo bayan rumbu ta ruga, tana ganin ta zama likita.

A aji tunanin Dogo ya dame ta, ta kasa jin karatu. Da aka fita hutu, malamarsu Madam Rabi'atu ta same ta tana kuka. Yarinyar ta faɗa mata komai.

"Har yanzu robar tana ƙafarsa?" in ji Madam. "Tashi mu je."

Sun tarar Baba tsaye bayan rumbu, ransa a ɓace. Ƙafar Dogo ta kumbura suntum, ta yi sanyi. Baba ya ce ƙafar ta mutu, kuma karen da ba ya bin awaki ba shi da amfani. Ran kasuwa zai ba masu sayen karnuka shi.

"Baba, ni ce," in ji yarinyar. "Ni na yar da gwangwanin, ni na ɗaure shi. Kada ka ba da shi."

Madam ta ɗaure bakin Dogo da ƙyalle, don kare in yana jin zafi yakan ciji ko mai shi. Ta yanke robar. Ta wanke tokar da ruwan da aka tafasa ya huce. Jini ya dawo, sai ta sa yarinyar ta danne wurin da ƙyalle mai tsabta har ya tsaya. Sannan ta naɗe ƙafar sako-sako, yadda yatsa zai shiga. Suka wanke hannu da sabulu.

"Yankan ƙarami ne," in ji Madam. "Robar ce ta kusa kashe ƙafar. In ya yi wari, a kira likitan dabbobi."

Baba ya ce ya ba su kwana shida, zuwa ranar kasuwa.

Kullum yarinyar tana wanke ciwon, tana canja ƙyalle. Kwana uku Dogo bai tashi ba. Abinci ma sai ya sunsuna ya kau da kai. Ita ma ta daina cin kirki. A kwana na biyar ya miƙe, amma ƙafar na rataye. Ta zauna kusa da shi ta yi ta kuka, don ta fid da rai.

Ran kasuwa da safe Baba ya ɗauko igiya. Ya fara buɗe wa awaki, suka fita. Dogo ya ji tafiyarsu, ya tashi. Ya aza ƙafar a ƙasa, ya ɗaga, ya sake azawa. Sai ga shi yana bin su da ɗingishi har bakin gona.

Baba ya daɗe yana kallon sa. Daga nan ya rataye igiyar, ya ce wa yarinyar ta kai wa karenta ruwa.

Tun ranar ta gane ba a ɓoye kuskure. In dabba ta ji ciwo, a kira babba, a wanke, a danne, a naɗe sako-sako.