Tafin Hannu a Murfin Inji

Rana ta sauka bayan katanga, inuwa ta rufe tsakar gidan, lokacin da Mai Sheƙi ya fito da bokiti biyu da tawul masu laushi. Maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motocin mutane, sai da furfura ta fito ya samu tasa, tsohuwa ce baƙa, amma yadda yake lallaɓa ta ka ce yau aka sauke ta daga jirgi. Matarsa takan ce da zai yi wa fuskarsa rabin hidimar da yake yi wa ƙarfen nan, da ta daina jin kunyar fita da shi.

Ranar ya sayo wani man kariyar fenti a ƙaramar kwalba. Mai shagon ya ja masa kunne a kan abu biyu: kada ya shafa a rana ko a kan ƙarfe mai zafi, kuma ya wanke motar tas, don duk abin da man ya bushe a kansa ya rufu ke nan. Shi ya sa ya jira yamma.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ba ta wuce shekara tara ba, tana maƙale da shi kamar kullum. Yarinya ce da ba ta iya tafiya kusa da ubanta ba tare da ta riƙe ɗan yatsansa ba. Ita ke miƙo tawul. Ya wanke, ya tsane, ya ɗiga man a soso yana shafawa siriri, gefe bayan gefe. In ya yi dishi-dishi sai ya goge, baƙin ya fito har kana ganin fuskarka.

"Magariba ta kawo jiki," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ku shigo haka nan, gobe ma rana ce."

"Saura murfin inji kawai."

A nan ya ga abin. Wata 'yar laima ce a tsakiyar murfin, siffar tafin hannun jariri. Ya goge da tawul, ta dawo. Ya sake gogewa, ta sake dawowa. Haske yana ƙarewa, ladan ya fara gyaran murya, shi kuma ba ya son barin aiki rabi. Ya yi tsaki, ya danna soso a kai, ko bisimilla bai yi ba. Da ya goge, hannun yana nan a ƙarƙashin sheƙin, yatsu biyar a buɗe.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Suka ce yaran unguwa ne. Amma duwatsun suka ci gaba da zuwa kowace yamma, suna fasa tukwane, suna huda labule, ko ɗaya bai taɓa motar ba. Bayan duwatsun sai a yi shiru mai nauyi, sannan a ji ƙarar farce a kan ƙarfe, a hankali, ba fasawa.

Auta ta daina cin abinci. Wata yamma aka neme ta a ɗaki aka rasa. Uban ya same ta kwance rub da ciki a kan murfin injin, tana kartar fentin har faratanta sun tsage, jini yana gangarowa ɗigo-ɗigo, don man ba ya barin komai ya kama. Ya kira sunanta. Ta juyo, da muryar babbar mace ta ce, "Buɗe min shi."

Tunda yake bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Malamin da ƙanin matarsa ya kawo tsoho ne marar yawan magana. Ya zagaya motar, ya daɗe yana kallon hannun. Aka zaunar da Auta a tabarma, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Bai yi nisa ba yarinyar ta sandare, idanunta suka juye.

"Wace ce ke, kuma me kike nema a jikin marar laifi?"

"Ɗana nake nema," in ji muryar. "Nan yake kwanciya da yamma, yana jin ɗumin ƙarfen. Sau biyu mutumin nan ya ture shi, yaro ne, ya ɗauka wasa ake yi. Na uku ya rufe shi. Ina ganinsa, Malam. Yana kallona, yana buɗe baki, ba na jin kukansa. In na kai hannu sai ya zame."

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ba ya ganinku."

"Ya ga hannun."

Mai Sheƙi ya sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Malam ya ce in an buɗe za ta fita? Ta ce a buɗe tukuna. Mai Sheƙi ya ruga ya ɗauko takarda mai yashi ta goge ƙarfe. Fentin da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, shi ya durƙusa yana kankara da hannu biyu, yana kuka, har farin ƙarfe ya bayyana. Wata 'yar iska mai sanyi ta fito ta shafi fuskarsa, shi ke nan.

Auta ta yi wata ƙara da ta sa karnukan layin suka ɗauki haushi. Sannan ta yi tsit.

"Ya mutu," in ji muryar. "Rai da rai. Zan tafi da wannan."

Malam ya ɗaga murya a karon farko. Ya ce yarinyar ba ta shafa komai ba, kuma akwai ranar da aljan da mutum za su tsaya gaban Mai shari'a ɗaya. Ya koma karatu, ta yi ta murƙususu, ya ƙi sassautawa har ta ce ya dakata.

"Na bar masa ranta. Zan fita, ba zan dawo ba, na rantse. Amma abin da na ɗanɗana sai ya ɗanɗana. Zai gan ta."

"Ban yarda da wani sharaɗi ba!" in ji Malam.

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Duwatsu ba su sake faɗowa ba.

Da ta farfaɗo ta faɗa jikin uwarta, sannan ta waiga ta ce, "Baba," ta miƙo hannu. Yatsansa na taɓa nata ta ƙwalla ihu ta janye. Wurin ya tashi ja, kamar an ɗora mata garwashi. Uwarta ta taɓa ta, lafiya. Malam ya taɓa ta, lafiya. Uban ya sake gwadawa a gefen rigarta, ta yi baya tana kuka tana ba shi haƙuri, wai ba da gangan take yi ba.

Malam ya yi ta zuwa har ya gaji. A zuwansa na ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Abin da ke jikinta na fitar. Wannan ba a jikinta yake ba. Sai dai mu ci gaba da roƙo."

Motar tana nan inda take. Bai ƙara tuƙa ta ba, kuma ba wanda ya yarda ya saya. Tsatsa ta fara daga wurin da ya kankare tana cin gaba, sauran jikin kuwa har yanzu in an yi ruwa sai ya taru ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Aikin ya yi kyau, wannan ne abin da ya fi ci masa rai.

Auta ce ta samo dabarar. In ta dawo daga makaranta sai ta shiga motar, ta ɗaga gilashi, ta manna tafinta a ciki, shi kuma ya manna nasa ta waje. Haka suke gaisawa. Tun tana yi da dariya har ta koma yi cikin shiru.

Wata yamma ta daɗe tana kallon hannun nasa, sannan ta ɗan sauke gilashin don ya ji ta.

"Baba, hannunka ɗumi gare shi ko sanyi? Na manta."