Duwatsun Bangon Sajida

La'asar ta yi sanyi sa'ad da Jabiru ya tsayar da mota a bakin kwarin da ke gabashin Jidda. Ƙanwarsa Sajida ta fito da naɗaɗɗen farin yadi a hammata. Aikin da ya kawo ta bai taka kara ya karya ba. Bangon da ta zana za ta lulluɓe, domin gobe da hantsi manyan baƙi za su zo su yaye yadin a tafa musu.

"Yalla, ki yi sauri," in ji Jabiru. "Ban son magariba ta same mu a jejin nan."

"Minti kaɗan ne, Yaya. Ka zauna da wayarka."

Wata ƙungiya ce ta gyara tsohuwar hanyar ƙafa da ta ratsa kwarin, ta zuba tsakuwa, ta kafa kujeru da fitilu, don mutanen gari su riƙa zuwa shan iska. An keɓe bango ɗaya don tunawa da ƙabilun Larabawan ƙauye masu ƙasar tun asali. Sajida ce ta tsaya kai da fata sai an ba da bango na biyu ga Takari, mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka bi ta nan zuwa Makka. A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ta, jikar irin mutanen nan ce, kuma ta gaji da jin ana cewa ba su da tarihi a garin. Ta yi ta zarya ofishin Areej, shugabar aikin, har matar ta gaji ta ce halas, shi ke nan, Sajida ta ɗauki bangon.

Sajida kuwa ba ta yin abu rabi da rabi. Ta ce fenti ya yi arha ga mutanen da suka taka ƙasa da tafin ƙafarsu. Sai ta bi kwarin da baro tana tsintar duwatsu, masu santsi, dogaye, waɗanda iska ta goge. Da su ta jera siffar tafin ƙafafu a jikin siminti, manya da ƙanana, duk sun fuskanci gabas. Wannan bango shi ne abin da ta fi alfahari da shi a duniya, kuma in ya tsaya, sunan mutanenta ya tsaya.

Ta isa gabansa rana na shirin faɗuwa. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa Jabiru, don shi bai taɓa gani ba. Ta fara warware yadin.

Sai ta ji taku.

Ba takun takalmin masu motsa jiki ba ne. Ƙafa ce tsirara a kan tsakuwa, ana jan ta a gajiye. Ta waiwaya. Hanya wayam, fitilu ma ba su kama ba tukuna.

Ta ci gaba da aikinta. Iska ta kawo wani wari, na gumi da tsohuwar fata da hayaƙin itace. Takun ya ƙaru. Ba mutum ɗaya ba ne. Suna tafiya su tsaya, su juya, su sake tafiya, kamar wanda ya yar da allura a yashi.

Wata murya ta yi raɗa a bayanta, da irin Hausar da sai a bakin kakarta Inno take jin ta.

"Nan ne?"

"Ba nan ba ne."

Wayarta ta yi ƙara, ta kusa sakinta ƙasa. Jabiru ne.

"Sajida, duwatsun nan na hoto, daga ina?"

"Daga cikin kwarin. Esh fi? Me ya faru?"

"Yaya kika same su a ƙasa? A warwatse?"

"A'a. Bibbiyu suke, a kafe. Ɗaya nan, ɗaya can."

"Tsakaninsu ya kai tsawon mutum?"

"Ya kai," in ji ta.

"Ya ukhti, ƙanwata," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa, "haka muke sa wa kabari. Ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Ki bar yadin ki taho."

Sajida ba ta taɓa shiga maƙabarta ba. A gidansu in an yi rasuwa, mata a gida suke zama, maza su raka gawa bayan doguwar katanga su dawo. Ta girma ba ta san kamannin kabarin garin da aka haife ta ba. Babu suna, babu rubutu, duwatsu biyu ne kawai. Su ne ta kwashe baro bayan baro, tana murna da kyansu.

Wayar ta mutu a hannunta.

Haske ya koma ja. A gefen hanya, inda ɗazu babu kowa, mutane ne tsaye. Tufafinsu sun ci ƙura, ƙafafunsu duk faso. Ba ita suke kallo ba. Ƙasa suke dubawa, suna taɓa yashi da yatsun ƙafa, su matsa gaba.

Wata tsohuwa ta rabu da su, da ƙullin kaya a kanta. Ta tsaya dab da Sajida. Ba ta numfashi.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "ina kika kai mini matashina?"

Sajida ta nuna bangon.

Tsohuwar ta ɗora tafin hannu a kan wani dutse mai tsawo, a diddigen ƙafa mafi girma. Ta shafa shi.

"Ciro mini. Na gaji da tsayuwa."

Sajida ta san in ta ciro ɗaya, bangon ya tashi daga aiki. Ta tuna zaryar da ta sha, ta tuna gobe. Ta ɗauki wani guntun ƙarfe da magina suka bari, ta soka a siminti. Ta danna har farcenta ya tsage. Dutsen ya faɗo a hannunta, da ɗumi kamar kan mutum.

Tsohuwar ta karɓa ta rungume. Ta juya, ta dubi kwarin daga wannan gefe zuwa wancan.

"To, a ina makwancin nawa yake?"

Sajida ba ta sani ba. Ba ta riƙe wurin ko ɗaya ba.

Takun ya tsaya cak. Duka suka ɗago kai.

Suka nufo ta.

Ta jefar da ƙarfen ta zuba da gudu. Tsakuwa na zamewa. Wani abu mai sanyi ya kama gefen abayarta, ta fizge. Raɗar tana bin kunnenta, nan ne, nan ne. Takalminta ɗaya ya cire, ba ta tsaya ba. Can ta hango fitilar mota, ta ji Jabiru yana kiran sunanta yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ta faɗa jikinsa. Daga wani masallaci mai nisa aka tada kiran magariba, kwarin ya yi tsit.

Ba a yi biki washegari ba. Sajida da kanta ta je wurin Areej ta faɗi inda duwatsun suka fito, ta ce a rushe. Maza suka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, aka kira malami, aka mayar da su cikin kwarin bibbiyu, aka yi addu'a. Amma da ka aka yi, don iska ta riga ta shafe ramukan. Bangon Takari yana nan har yau, farin siminti mai ramuka, masu shan iska suna wucewa ba sa tambaya.

Wani malami ya ce matattu ba sa tashi, aljanun wurin ne suka ari kamanninsu. Sajida ba ta yi musu ba. Ta daina zane, kuma in la'asar ta yi sanyi ba ta iya zama wuri ɗaya, daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ƙofa.

Inno ce ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Wata safiya tsohuwar ta kira Jabiru gefe, ta riƙe hannunsa gam.

"Yarinyar nan barci take, idonta a rufe," ta ce. "Amma sai ta tashi ta ɗauki matashi ta ajiye a can, ta kwanta, ta sake ɗauka ta ajiye a nan. Tana cewa ba nan ba ne. Jabiru, ni na rene ta. Wannan ba muryarta ba ce."