Bel Ɗin Injin Wutar Dhapkhola

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Loknath Regmi rahoto cewa an sace bel ɗin injin wutar Dhapkhola, ƙauyensu na haihuwa. Kafin ya iso, mutane har sun ɗaure Harke maƙeri, mai kula da injin, sun rantse yau sai ya bar garin da iyalinsa.

Sufeto ya bi hanyar ruwan: magudana daga rafi, ɗan tafkin siminti, sai bututun da ya gangara ɗakin farfela, inda bel ke haɗa ta da janareta. An datse ƙofar ruwa tsaf, kwaɗon ƙofar ɗakin kuma lafiya lau. Ɓarawo mai ladabi ke nan!

"Harke, wa ka ba makulli?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To, aljani ne ya shiga?"

Sufeto ya zuba masa sanda uku a gadon baya, jama'a suka yi sowa.

Ya koma ɗakin. A kan ƙarfen da bel ke kwanciya, inda hannu ba ya kaiwa sai an cire shi, ga shatin yatsu na jan garin da ake shafawa wajen ibada. Mutum ɗaya ne yatsunsa ba sa rabuwa da garin nan: Baffansa Dilliram, malamin ɗakin bauta, wanda ya rene shi.

Ya same shi a bayan gida, kusa da wata sabuwar ƙasa da aka lulluɓe da furanni.

"Baffa, yaushe rabonka da gidan wuta?"

"Tun ranar sa wa kayan aiki albarka, ɗana. Zauna ka sha shayi."

"Me aka binne a nan?"

"Bel ɗin ne," in ji tsohon.

"Shekara uku ina sa masa albarka, na ɗauka roba ce. Ranar nan na juya cikinsa da hannuna. Fatar saniya ce, Loknath! Saniya kuwa uwa ce a addininmu. Fatar uwarmu muke wahalarwa don mu samu hasken ganin shinkafar da muke ci."

"Makulli fa?"

"Na ce wa Harke ya ajiye a kan dutse, na ɗauka. Na san ba zai kama sunana ba."

"Ka ji ihunsa?"

"Na ji," in ji tsohon, murya can ƙasa.

Sufeto ya tasa shi gaba zuwa dandali, inda aka ɗaure maƙerin. Da hannunsa ya kwance Harke, amma wallahi ya kasa haɗa ido da shi. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, maƙerin ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, kar ka bi da shi ta kasuwa. Dattijo ne."

Kunya ta kama Sufeto har gumi ya keto masa. Ya sunkuyar da kai, ya kama hannun Baffansa, suka bi ta bayan gari.