Ido a Cikin Allon Maki

"Wannan na waye?"

Don Fulgencio, manajan ƙungiyarmu, ya ɗaga madubin hangen nesa da yatsu biyu kamar ya tsinto mushen ɓera. A cikin allon maki na filin ƙwallon gora muke, ni da shi da Babana. Ta huɗunmu 'yar manajan ce, Dayanara, wadda ta hawo tsani mai taki sittin da biyu da takalmi mai tsini don kada a yi abin babu ita.

"Ban taɓa ganinsa ba," na ce.

"Bayan farantan lamba tara na tsince shi," in ji Dayanara, tana duban farcenta. "Wurin da hannu bai cika zuwa ba. Mai ɓoyon dai ya san allon nan ciki da bai."

"Me ya kawo ki bayan farantanmu?"

"Ke dai amsa ta gabanki, Yocasta."

Na juya wajen Baba. Jira nake ya daka musu tsawar nan tasa da ake ji har bakin ƙofar fili, ya ce 'yarsa ba ta cin amana.

Baba ya zuba wa ƙasa ido.

"Baba...?"

Bai ɗago ba.

Don Fulgencio ya sauke numfashi. "Wasa uku muka yi da 'Yan Kaguwa a filin nan, uku suka cinye mu. Kuma duk mutum ɗaya ne ya yi mana ɓarnar. Kin san shi ai."

Na san shi mana. Wilkin Peguero ne, zobensa ne a yatsana.

Duk ɗan garinmu ya san inda maganar ta dosa. A ƙwallon gora, mai cafewa yana tsugunawa bayan mai bugu, ya nuna wa mai jifa yatsu a tsakanin cinyoyinsa. Yatsa ɗaya, miƙaƙƙiyar ƙwallo. Yatsu biyu, mai lanƙwasa. Mai bugu ba ya gani, don a bayansa ake yi. Amma wanda ke cikin allo, can ƙarshen fili, yana fuskantar yatsun nan sak. In yana da madubi, kuma yana da wanda yake so a ɓangaren abokan gaba, ai magana ta ƙare.

"Kada ki sake hawowa sai na neme ki," in ji manaja. Ya miƙa wa Baba madubin. "Don Eusebio, ajiye shi a wurinka. A filin nan kai kaɗai na yarda da kai."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ko kallona bai yi ba.

Ina saukowa ina kuka, ba zan ɓoye ba. Allon nan ba wurin aiki ba ne kawai a gare mu. Leburorin masana'antar sukari ne suka gina filin da hannunsu bayan tashi daga aiki, kakana yana cikinsu. Shi ya yanka farantan lambobin daga jikin tsofaffin taragun ɗaukar rake, ya shafa musu fenti. Guguwar da ta kwashe rufin 'yan kallo na ɓangaren dama ta bar allon a tsaye. Duk filayen ƙasar nan sun koma allon lantarki, mu har yau hannu ke zura faranti ta taga. Hawa biyu ne a ciki. Baba yana ƙasa yana kula da layin 'Yan Rake, wato mu, ni ina sama ina kula da layin baƙi. A jikin bango akwai sunan kakana, da na Baba, da nawa da na rubuta ina 'yar shekara goma sha shida.

Dayanara ta cim mini a gindin tsani.

"Tausayinki nake ji, Allah kuwa," ta ce. Muryar kamar zuma, ni kuwa na san ta tun muna makaranta. "Kin ɗauka don ke yake zuwa? Ƙanen ƙawata ya ji shi a shagon giya na tashar jirgin ruwa yana cewa yana da ido a cikin allon 'Yan Rake."

"Ƙarya kike yi."

"To tambaye shi."

Na san tun bara take harin Wilkin Peguero, tun ranar da ya wuce ta a wurin bikin rufe kakar wasa ya zo ya nemi rawa da ni. Na san haka sarai. Amma zargi mugun baƙo ne, in ya sa ƙafa ɗaya a ɗaki sai ya nemi tabarma. Daren farko da muka yi hira, me ya tambaye ni? *Daga tagarki kina ganin komai da komai?* A lokacin dariya na yi. Yanzu kuwa sai juya tambayar nake.

A gida Baba ya ƙi cin ayabar da na kirɓa masa.

"Tun farko na gaya miki," ya ce yana kallon bango. "Ɗan Kaguwa ba ya shiga gidan nan. Ga shi kin jawo mana magana."

"Baba, ka yarda na aikata?"

"Ban ce ba."

"Ba ka kuma ce ban aikata ba."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Ranar Asabar da hantsi na sami Wilkin a bakin teku, wurin matar da ke soya kifi. Ya taso da murmushinsa.

"Rabin raina..."

"Ajiye rabin ran nan tukuna. Ta yaya kake sanin ƙwallon da za a jefa maka?"

Murmushin ya gushe. Wannan kaɗai ya tsinka mini zuciya.

"Yoca, zauna mana."

"A tsaye nake so. Ka ce kana da ido a cikin allonmu, ko ba ka ce ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ashe ka faɗa."

"Na faɗa, amma ke nake nufi. Abokai ke tsokanata wai me nake kallo a can kullum, na ce idona ne a wurin."

"Daɗin baki. To ƙwallon fa? Sa'a ce?"

Ya shafa ƙeya. Ya kalli teku, ya kalli kifin, ya kalli ko'ina ban da ni.

"Ba sa'a ba ce," ya ce a hankali.

"To wa ke ba ka alama?"

"Babu wanda ke ba ni."

"Wilkin, an kore ni daga allon kakana. A kasuwa ana nuna ni da baki. Ka san gaskiya ka zauna kana cin kifi?"

"Akwai maganar da ba daga bakina ya kamata ki ji ta ba, masoyiyata. In na faɗa, ba za ki taɓa yafe mini ba."

"In ka yi shiru ma haka ne."

Na zare zoben na ajiye kusa da farantinsa. Ya kira sunana sau biyu, ban waiwaya ba.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi wasa na huɗu. A karo na farko a rayuwata na sayi tikiti na shiga filin da aka yi rainona a ciki. Na zaɓi kujera daidai bayan mai bugu, don ina so in ga abin da yake gani. In akwai munafukin da ke ba shi alama, yau sai na kama shi.

Ban taɓa ganin allonmu daga gaba ana cikin wasa ba. Kore shar, tagoginsa baƙi ƙirin, bayansa hayaƙin masana'anta. Baba shi kaɗai yake hawa da sauka a ciki, har farantin baƙi ya makara sau biyu.

Wilkin ya fito da gorarsa, fili ya ɗauki ihu da zagi. Ya ja hularsa ƙasa har ta kusa rufe masa ido. Bai ɗaga kai ya dubi allo ba ko sau ɗaya.

Jifa ta farko, ya kai bugu ya sami iska. Ta biyu haka. Ta uku, ƙwallo ta lanƙwashe ta wuce shi, ya juya ya koma benci.

"Kun gani ko?" wani mai sayar da gyaɗa ya faɗa a bayana. "An sauke yarinyar, gwani ya zama makaho."

Dayanara ta waiwayo daga kujerun manya ta ɗaga mini gira.

Wawan masoyi. Ya ƙi kallon allon don ya nuna mini gaskiyarsa, ya kuwa ƙarasa binne ni.

Amma ƙin kallon nasa ya gaya mini inda zan duba. Na kafa wa allon ido. A tagar ƙasa ta hagu, wadda Baba ke barin ta a buɗe don shan iska, wani abu ya yi walƙiya. Gilashi ne.

Mai cafewarmu ya tsuguna. Sai na ga farin abu ya motsa a tagar. Sama, ƙasa, hagu, dama. Mai jifa ya saki ƙwallo, ta lanƙwasa.

Jifa ta gaba, tagar shiru. Ƙwallo ta tafi a miƙe.

Ta gaba kuma, farin abin ya sake motsi. Ta lanƙwasa.

Na san farin abin nan, ni nake wanke shi. Hankicin da Baba ke ɗaurawa a hannu saboda zafin faranti ne. Na kuma san motsin. Tun da aka kawo yaron nan mai jifa Baba yake cewa lanƙwasarsa ba ta nuna ba, sai dai Budurwa Maryamu ta raka ta. Alamar gicciye yake yi.

Ban jira an tashi ba. Na zaga ta bayan katanga na haye tsanin, mai gadi yana kira ina yi kamar ban ji ba.

Na same shi durƙushe a bakin taga, madubin a idonsa.

"Baba."

Ya zabura. Madubin ya faɗi a cinyarsa.

"Naka ne."

Ya kawar da kai daga tagar. Sannan ya ce, "Shekara biyu ke nan ba na ganin hannun alƙalin wasa. Hazo kawai nake gani. In Fulgencio ya sani, gobe zai kawo allon lantarki."

"Shi ya sa ka bari aka kira ni maciya amana?"

"Na ɗauka kwana biyu ne maganar ta wuce. Na san ba ki yi ba, ni ma kuma ban ba kowa alama ba..."

"Ka ba shi, Baba. Duk sanda ka ga yatsu biyu sai ka yi gicciye da hankicinka. Daga inda mai bugu yake ana ganinka ƙarara."

Ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

"Ni? Ni na sayar da wasa uku?"

"Da addu'a," na ce. Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa.

"Ɗan Kaguwar nan ya sani?"

"Ya sani. Na tsare shi jiya, ya gwammace in mayar masa da zobensa da ya ambaci sunanka."

Baba ya kwance hankicin a hankali ya sa a aljihu. Ya nuna mini farantan. "Riƙe mana layin biyu. Kada maki ya makara."

"Ina za ka?"

"Ƙasa."

Ta taga na gan shi. Ya jira aka busa jiniyar tashi, sannan ya ratsa tsakiyar fili da madubin rataye a wuyansa, inda kowa zai gani. Ya tsaya gaban Don Fulgencio ya cire hula. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga manaja ya dafe kai, na ga Dayanara ta tattara jakarta ta sulale.

Da na sauko, Wilkin yana gindin tsani, ko kayan wasa bai cire ba.

"Yoca..."

"Ka ci wasa uku da giccin tsoho. Ba ka ji kunya ba?"

"Na farko ban ma gane ba, ke nake nema a tagar. Na biyu na gane. Na uku..." Ya sunkuyar da kai. "Na uku son zuciya ne. Ki yafe mini."

"Da ka gaya mini a asirce, da na ɗaure masa hannun."

"Na ji tsoron ki tsane ni in na ce babanki ne."

"Na tsane ka ai. Kwana ɗaya cur."

"Yau fa?"

Ina shirin amsawa sai Baba ya iso, idonsa jajir. Ya dubi Wilkin daga sama har ƙasa, ko me yake iya gani oho.

"Fulgencio ya ce allon zai zauna," ya ce mini. "Amma ni na sauka ke nan. Naki ne."

"Baba, shekara arba'in da ɗaya..."

"Sun isa. Da na sauka tun bara, da ban zubar miki da mutunci ba. Ki yafe wa tsohonki, 'yata."

Na rungume shi. Wannan ne karo na farko da na ji Baba ya nemi gafarar wani.

Ya juya ga Wilkin. "Kai kuma ɓarawon alama. Ka rufa mini asiri, ban roƙe ka ba, kuma har gobe ba na son ƙungiyarku. Ina zoben?"

Wilkin ya laluba cikin hularsa da sauri ya fiddo shi.

"To me kake jira? Ni ba gani nake ba, sai ka sa mata a kusa da ni."

Wilkin ya matso daf da shi. Na miƙa yatsana. Baba ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa hannuwanmu, ya ga zoben ya shiga.

"Na gani," ya ce. "Ku mu je gida, yunwa nake ji."